KARKIYA MARAR DACEWA: MA'ANARTA DA INDA TA FITO

Iyayenmu maza da mata, samari da 'yan mata, da duk wanda ya matso kusa da rediyo, Allah ya ba mu kunnen ji. Wanda yake da Littafi Mai Tsarki a kusa, ya buɗe 2 Korantiyawa sura 6, ya karanta daga aya 14 har zuwa aya ta fari ta sura 7. Ya kuma sa yatsa a Maimaitawar Shari'a sura 22, gama za mu je can.

Yau za mu tsaya a kan magana ɗaya wadda muke yawan ji a cikin ikilisiya, wato karkiya marar dacewa. Ana faɗinta a taron matasa, ana faɗinta sa'ad da dattawa suka zauna a kan zancen aure. Amma da yawa daga cikinmu Hausa ba harshen gidanmu ba ne, a kasuwa da majami'a muka koya. Waɗansunmu kuma a kan duwatsu muka tashi, inda ake noma da garmar hannu, ba mu taɓa ganin an ɗaura wa shanu karkiya ba. Saboda haka muna riƙe da kalmar, amma hoton da ke cikinta ya ɓace mana. In kuwa hoton ya ɓace, sai kowa ya mai da kalmar sandar dukan wanda ba ya so. An hana 'yan mata auren kirki da wannan aya. An zuga mata su bar ɗakinsu da ita. A gefe guda kuma, mutanen da ayar take kira da gaske suna zaune lafiya, ba su san da su ake ba. Bari mu koma gona mu ga abin da idonmu.

MECE CE KARKIYA?

Karkiya itace ne mai ƙarfi wanda ake gicciyawa a wuyan shanu biyu domin su ja garma ko amalanke tare. Waɗanda suka zauna a ƙasar Gombe ko Bauchi ko Katsina sun san shanun huɗa. Itacen yana zama a gaban tozo, a ɗaure shi da igiya, sarƙar garma kuma tana kama shi a tsakiya. Daga sa'ad da aka ɗaura shi, shanun nan biyu sun zama abu ɗaya. In ɗaya ya juya dama, dole ɗayan ya juya. In ɗaya ya kwanta, aikin ɗan'uwansa ya tsaya. Shi ya sa manomi mai hankali yakan nemi bijimai masu tsawo ɗaya da ƙarfi ɗaya, ya hore su tare tun suna ƙanana.

Mutanen Littafi Mai Tsarki sun san wannan sarai. Sa'ad da annabi Iliya ya je kiran Elisha, a gona ya same shi, ana huɗa da shanu karkiya 12, shi yana tare da ta ƙarshe. A cikin misalin babban biki a Luka sura 14, ɗaya daga cikin waɗanda suka kawo hujja ya ce ya sayi shanu karkiya 5, zai je ya gwada su. Me zai gwada? Zai duba ko tafiyarsu ta zo ɗaya.

To, a Maimaitawar Shari'a 22:10 Allah ya hana Isra'ilawa su haɗa sa da jaki a huɗa. Ku yi tunanin talakan manomi wanda yake da sa ɗaya da jaki ɗaya, ga damina ta faɗi, ga maƙwabta sun yi nisa da aiki. Zuciyarsa za ta ce masa, haɗa su mana, ai dukansu dabbobin aiki ne. Amma sa ya fi jaki tsawo da nauyi, takunsu kuma ba ɗaya ba ne. Sa yana ja da wuya da kafaɗa, jaki kuwa ƙarfinsa a ƙirji yake da baya. In an haɗa su, itacen zai karkace, ya danne na ƙasa, ya goge wuyan na sama. Kafin rana ta yi tsaka dukansu sun ji ciwo, kunya kuma ta fito a karkace. Akwai wani abu kuma. Bisa ga Littafin Firistoci sura 11, sa dabba ce mai tsarki ga Ba'isra'ile, domin tana tuƙa, kofatonta kuma a rabe yake. Jaki kuwa ba ya cikin waɗanda aka yarda a ci ko a miƙa hadaya. Kowane manomi da ya kiyaye wannan doka yana tuna wa kansa kowace damina cewa shi na jama'ar da Allah ya keɓe ne.

INDA KALMAR TA FITO

Manzo Bulus ya rubuta wasiƙunsa da Helenanci. Kalmar da ya yi amfani da ita a aya 14 ita ce heterozugeo, kuma a cikin Sabon Alkawari duka, a wannan aya kaɗai ta fito. Kalmomi biyu ne aka haɗa. Heteros, wato wani iri dabam. Zugos, wato karkiya. Ma'anarta ke nan, shiga karkiya ɗaya da abin da ba irinka ba.

Ba daga sama Bulus ya ɗauko ta ba. Wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, Yahudawan da ke zaune a Iskandariya ta ƙasar Masar suka juya littattafan Musa daga Ibrananci zuwa Helenanci. Da suka kai Littafin Firistoci 19:19, inda aka hana a haɗa dabbobi iri biyu su yi barbara, sai suka sa kalmar heterozugos. Wannan juyi shi ne Littafin da masu bi na Koranti suke ji ana karantawa. Saboda haka da suka ji kalmar a wasiƙar Bulus, hankalinsu zai koma kan dokokin nan na Musa game da abubuwan da ba a haɗawa: iri biyu a gona ɗaya, ulu da lilin a riga ɗaya, sa da jaki a garma ɗaya. Ɗaukan dokar gona a koya wa mutane zama da ita kuwa, halin Bulus ne. A 1 Korantiyawa sura 9 ya ɗauki dokar da ta hana a sa wa sa takunkumi sa'ad da yake sussuka, ya nuna cewa ma'aikacin bishara ya cancanci abincinsa.

Kalmar zugos tana da wata ma'ana kuma. Ita ce sandar ma'auni, irin sikelin da ake rataya faranti biyu a jikinsa. A Wahayin Yahaya 6:5, ma'aunin da mahayin baƙin doki yake riƙe da shi, da wannan kalma aka kira shi. Karkiya da sikeli aikinsu ɗaya ne ta nan, dukansu suna tona abin da bai yi daidai ba. Gefe mai nauyi shi ke rinjaya.

Kada kuwa mu ɗauka karkiya mugun abu ce. Sa'ad da Yesu ya yi magana a kan miji da mata waɗanda Allah ya gama, a Matiyu 19:6, kalmar da aka rubuta don gamawa daga wannan tushe take, wato Allah ne ya sa su a karkiya ɗaya. A Filibiyawa 4:3 kuma Bulus ya kira wani abokin aikinsa abokin karkiya na gaske. Allah yana son mu ja tare da waɗansu. Abin dubawa shi ne da wa aka haɗa mu, ina kuma garmar ta nufa. Bahaushe yana da nasa suna ga haɗin da bai dace ba, yakan ce gamin gambiza. Sai dai gamin gambiza sau da yawa dariya yake jawowa, kamar mutum ya sa babbar riga da gajeren wando. Karkiya marar dacewa kuwa gyambo take bari a wuya.

ME YA SA AKA FAƊA WA KORANTIYAWA?

Koranti babban birnin ciniki ne a ƙasar Girka. Romawa sun rushe shi a shekara ta 146 kafin haihuwar Almasihu, Yuliyas Kaisar ya sa aka sake gina shi a shekara ta 44 kafin haihuwar Almasihu. Yana da tashoshin jiragen ruwa biyu, ɗaya ta gabas, ɗaya ta yamma, saboda haka kaya da baƙi da gumakan ƙasashe dabam dabam duk sun taru a can. Bulus ya zauna a birnin shekara ɗaya da wata 6, a zamanin da Galiyo yake mulkin Akaya, wajen shekara ta 51. Wasiƙar da muke karantawa ya aiko ta daga Makidoniya bayan 'yan shekaru.

A birnin nan ciniki da tsafi a cakuɗe suke. A cikin haikalin gumaka akwai ɗakunan cin abinci. In babban mutum zai yi biki, ko abokan sana'a za su yi taro, sau da yawa a can ake yi, da naman da aka yanka wa gunki. Mai bi wanda yake son ya riƙe abokan cinikinsa yana cikin tsaka mai wuya. In ya ƙi zuwa, kasuwarsa ta mutu. In ya je, ya zauna a teburin gunki. Ku karanta 1 Korantiyawa sura 8 da sura 10, za ku ga yadda wannan abu ya dami ikilisiyar.

Shi ya sa bayan maganar karkiya Bulus ya jera tambayoyi 5. Ya ajiye adalci kusa da mugunta, haske kusa da duhu, Almasihu kusa da Beliyal, mai bi kusa da marar bi, haikalin Allah kusa da gumaka. Kowace tambaya da kalmarta ta tarayya. Ta farko ma kalmar kasuwa ce. Daga tushenta aka kira abokan su na Saminu Bitrus a Luka 5:7, mutanen da suke kama kifi tare su raba abin da aka samu. Tambaya ta ƙarshe ita ce ta tattara sauran: jama'ar da Allah yake zaune a cikinsu ba za su iya haɗa sujadarsu da ta gunki ba.

INDA MUKAN SA KALMAR BA A WURINTA BA

Na ɗaya, ayar ba ta hana zaman maƙwabtaka. Bulus da kansa ya faɗa a 1 Korantiyawa 5:9-10 cewa bai nufa masu bi su rabu da mutanen duniya ba, gama in haka ne sai sun fita daga duniya. A sura 10 aya 27 ya ce in marar bi ya gayyace mu cin abinci, muna kuwa so mu je, mu je. Sa da jaki suna iya kiwo a fili ɗaya, su sha ruwa a rafi ɗaya. Saboda haka mu gai da maƙwabcinmu wanda addininsa dabam ne. Mu je masa ta'aziyya, mu yi masa barka, mu saya a shagonsa, mu taya shi kashe gobara. A ƙasar da ta sha zub da jini irin tamu, wanda ya ɗauki wannan aya ya hura wutar gaba da ita zai ba da lissafi a gaban Allah.

Na biyu, ba maganar ƙabila ake yi ba. Iyayenmu, a nan muke roƙonku ku saurara. Saurayi Berom ya ga yarinya Ngas, ko ɗan Tangale ya ga 'yar Bajju, dukansu masu bi ne, an yi musu baftisma, halinsu sananne ne a cikin ikilisiya. Sai uba ya tashi ya ce karkiya marar dacewa ce. Wannan ba maganar Bulus ba ce. Rut mutuniyar Mowab ce, ta auri Bo'aza, ta zama kakar mahaifin sarki Dawuda. Rahab mutuniyar Yariko ce. Sunayensu biyu suna cikin asalin Yesu a Matiyu sura 1. A Littafin Ƙidaya sura 12, Maryamu da Haruna suka yi gunaguni a kan matar Musa domin ita mutuniyar Kush ce, Maryamu ce kuwa ta fita da kuturta. In kuna da wani dalili na ƙin auren, ku faɗe shi da sunansa, kada ku ɓoye ƙabilanci a bayan ayar Allah.

Na uku, ayar ba ta raba auren da aka riga aka ɗaura. Da yawa cikin iyayenmu mata sun karɓi Yesu suna ɗakin miji marar bi. A 1 Korantiyawa 7:12-16 Bulus ya ce in marar bin ya yarda da zaman, kada a rabu. Bitrus kuma, a wasiƙarsa ta fari sura 3, ya ce halin mace yana iya jawo mijinta ko ba tare da magana ba. Uwa, ke da kike jin mu yanzu a tsakar gida, Ubangiji ya ga zamanki, bai kuwa ce ki tattara kayanki ba.

SARKIN KIRKI DA YA SA WUYANSA

To, ina kalmar take aiki? Bari mu duba Yehoshafat, sarkin Yahuza, wanda ya yi mulki shekara 25 a Urushalima. Mutumin kirki ne, ya aiki malamai su koyar da Shari'a a garuruwa. Amma ya ƙulla surukuta da Ahab sarkin Isra'ila, mijin Yezebel mai bautar Ba'al. Ɗansa Yehoram ya auri Ataliya ta gidan Ahab. A idon masu siyasa dabara ce mai kyau, gama an daina yaƙi tsakanin 'yan'uwa.

Daga nan itacen ya fara karkacewa. Ahab ya roƙe shi su je yaƙi a Ramot-gileyad. Yehoshafat ya amsa tun bai tambayi Ubangiji ba. Annabawan Ahab wajen 400 suka ce a tafi, annabi Mikaiya kaɗai ya faɗi gaskiya, aka jefa shi kurkuku, Yehoshafat yana kallo, ya kuwa bi su. A bakin daga Ahab ya ɓad da kama, ya bar surukinsa da rigar sarauta, har Suriyawa suka kewaye shi suna zaton shi ne Ahab. Da ƙyar ya sha. Da ya komo gida, Yehu ɗan Hanani ya tare shi ya tsauta masa. Bayan haka ya sake haɗa jari da Ahaziya ɗan Ahab, suka ƙera jiragen ruwa a Eziyon-geber, jiragen suka farfashe ba su je ko'ina ba.

Amma mafi zafi ya zo bayan mutuwarsa. Yehoram ya kashe 'yan'uwansa maza duka. Daga baya Ataliya ta karkashe 'ya'yan sarauta, ta hau gadon Dawuda shekara 6. Jariri ɗaya, Yowash, shi ne aka ɓoye a Haikali. Za ku sami labarin a 2 Tarihi, daga sura 17 zuwa 23. Yehoshafat ya mutu yana mai tsoron Allah, amma jikokinsa ne suka biya kuɗin karkiyar.

YADDA ZA MU GANE TA

Kafin mu sa hannu a kowace yarjejeniya, ko ta aure, ko ta jari, ko ta siyasa, ko ta ƙungiya, mu tambayi kanmu abu uku.

In wannan mutum ya juya zuwa mugunta, za mu iya tsayawa, ko dole mu bi shi? Sayen buhun masara a hannun mutum ba karkiya ba ne, an biya an rabu. Amma in kun haɗa jari, sunanku biyu a takarda ɗaya, ranar da ya ce a cika gindin buhu da ƙaiƙayi, ko a kai wa boka kuɗi domin kasuwa ta buɗe, da kuɗinka za a yi.

Wace rantsuwa ake nema a gare mu? 'Yan makaranta, ku ji wannan. Ƙungiyar da take kira da dare, ta ce a sha jini ko a rantse a kan abin da ba za a faɗa wa iyaye ba, karkiya ce wadda shigarta da sauƙi, fitarta da wuya. Haka yake da ɗan siyasar da yake kai yaransa gidan tsafi su rantse masa.

Wa 'ya'yanmu za su bauta wa? Wannan ita ce tambayar aure. Yarinya, yana da mota, ya kuma ce ba zai hana ki zuwa sujada ba. Ran da yaro ya kwanta ciwo da tsakar dare, ke kina cewa a yi addu'a a tafi asibiti, danginsa suna cewa a yanka kaza a gindin dutse, wa zai rinjaya? Bulus ya ba gwauruwa 'yanci ta auri wanda take so, ya sa sharaɗi ɗaya kaɗai, ya zama cikin Ubangiji. Kada kuma sunan baftisma ya ruɗe mu. Nabal Ba'isra'ile ne, daga zuriyar Kalibu, duk da haka Abigail ta sha wuya a gidansa. A tambayi hali, a tambayi maƙwabta, kada a tsaya ga katin majami'a.

GA WANDA WUYANSA YA RIGA YA YI CIWO

Wataƙila wani yana jin mu yana cewa, maganar ta zo a makare. Ɗan'uwa, ba ta makara ba. In yarjejeniya ce ta zunubi, fita, ko da za ka yi hasara. In bashi ne, biya shi, ka rabu da mutumin cikin salama. In rantsuwar asiri ce, je wurin fastonka da dattawa masu riƙon amana, a yi addu'a tare da kai. In aure ne, zauna da aminci da addu'a. Amma in ana dukanki har ranki yana cikin hatsari, kada ki yi shiru, ki nemi taimakon ikilisiya da hukuma.

A Matiyu 11:28-30 Yesu ya kira masu gajiya da masu nauyin kaya, abin da ya miƙa musu kuwa karkiya ce, tasa. Ya ce mai sauƙi ce. Shi da ya tashi a gidan masassaƙi ya san yadda ake gyara itace ya zauna daidai a wuya. Babu mutumin da yake tafiya a duniya ba tare da wata karkiya ba. Wanda ya fara ɗaukar ta Yesu, zai san irin wadda za ta iya zama tare da ita.

Mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin maganarka. Ka gafarta mana inda muka bugi 'yan'uwanmu da ayar da ka bayar domin ta tsare mu. Ka ba 'ya'yanmu haƙuri su jira abokin tafiya mai tsoronka. Ka ƙarfafa iyayenmu mata da ke zaune a gidajen da ba a san ka ba tukuna. Ka kwance waɗanda aka ɗaure da rantsuwar duhu. Ka ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba, in Ubangiji ya kai mu. Alherin Allah ya kasance tare da ku duka.